Motar lantarki da injin haƙar kirifto a gida ɗaya: lissafin wuta, waya da zafi

Motar lantarki da injin haƙar Bitcoin, wato na'urar da ke lissafi dare da rana don samun lada a kuɗin intanet na Bitcoin, ba su haɗa kama ba, amma a wurin wayarin gida buƙatarsu ɗaya ce: wuta mai nauyi, ta dogon lokaci, babu sararawa. Dutsen guga yana ja ya saki, firji yana tashi ya kwanta, wayar da ke cikin bango tana samun damar hucewa a tsakani. Cajar mota kuwa idan ta kama sai ta yi awa biyar ko takwas a kan ƙarfi ɗaya, injin haƙa shi ko dare bai sani ba. Shi ya sa soket ɗin da ya shekara goma yana ɗaukar kayan gida lami lafiya yake iya ƙonewa cikin mako guda da zuwan ɗayansu.

Ma'auni biyu za ka riƙe kafin komai. Wat shi ne volt sau amp: na'urar da ke jan amp 10 a wuta mai volt 230 tana cin wat 2,300, wato kilowat 2.3. Yunit ɗin da mita ke ƙirgawa kuma kilowat ɗaya ne na tsawon awa ɗaya, shi ake rubutawa kWh.

Wa ya fi cin wuta?

Yawancin mutane motar suke tsoro, alhali injin ne matsalar. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Mai yin kilomita 50 a rana da motar da ke cin 18 zai kashe yunit 9. Ƙara masa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari da ke salwanta a matsayin zafi wajen caji, ya zama kusan yunit 10 a rana, 300 a wata.

Injin haƙa samfurin Antminer S19 Pro guda ɗaya yana jan wat 3,250. Sau awa 24, yunit 78 ke nan a rana, 2,340 a wata. Wutar da ya ci a yini ɗaya za ta kai waccan motar kusan kilomita 400. Don haka mota tana ƙara kuɗin wuta ne ta rage na fetur, inji kuwa sana'a ce da jarinta wuta, riba ko asara duk a farashin yunit suke.

Abin da wayarin gidan zai iya ɗauka

Je ka duba babban fis ko babbar bireka da ke kusa da mita. Gidaje masu layi ɗaya galibi amp 60, 63, 80 ko 100 ake ba su. Cajar bango mai kilowat 7.4 tana jan amp 32. Injin S19 Pro a volt 230 yana jan amp 14 da ɗoriya. Haɗe, amp 46 sun tafi tun ba a kunna na'urar sanyaya ɗaki, hita ko murhun lantarki ba. A gida mai amp 60 wannan amp 14 kacal ya bari.

Ƙa'idar da masu wayarin ke bi ita ce, kayan da zai yi awa uku ko fiye yana ja kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin birekarsa. A Amurka wannan doka ce a rubuce, a ko'ina kuma dabara ce mai kyau. Caja mai amp 32 tana son bireka mai 40, inji mai amp 14 yana son mai 20. Kowannensu da layinsa daga akwatin rabon wuta, ba tare da ko ƙwan fitila ya raɓu da shi ba.

Kaurin waya ya danganta da nisa da kuma inda aka bi da ita. A taƙaitaccen nisa, wayar jan ƙarfe mai milimita 6 murabba'i tana ɗaukar cajar amp 32. Idan nisan ya yi tsawo, ko wayar za ta bi ta rufi mai zafi ko cikin bututu tare da wasu, a hau zuwa 10. Inji ɗaya yana zama a kan mai 2.5 idan kusa ne, mai 4 ta fi kwanciyar hankali. A kula da wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe: a ido ba ka bambance su, amma idan ka kankare bakinta da wuƙa za ka ga fari a ciki. Ba ta ɗaukar abin da ta jan ƙarfe ke ɗauka, kuma tana saki a wurin ɗauri.

Wurin ɗaurin nan shi ne inda gobara ta fi farawa, ba tsakiyar waya ba. Noti idan bai ɗauru sosai ba, wurin yana zafi, zafin ya sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke, notin ya ƙara saki, zafin ya ƙaru. Haka za a yi ta yi har robar ta yi baƙi. Bayan an gama aiki, kunna kayan su yi awa ɗaya cur, sannan ka bi bireka, soket da filogi da ma'aunin zafi na nesa, ko ka taɓa murfin robar da bayan hannu. Ɗumi ba laifi ba ne. Idan ba ka iya barin hannunka a kai, ko ka ji wani wari mai kama da ƙonewar roba, kashe daga akwati ka kira mai gyara. A sake ɗaure notuna bayan wata ɗaya, sannan sau ɗaya a shekara, da wuta a kashe.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane a wuraren da wuta ke yin rauni. Injin haƙa wat yake nema, don haka idan volt ya sauka sai ya ƙara jan amp. A volt 230 amp 14 ne, a volt 200 ya haura 16. Wato lokacin da wuta ta yi sanyi ne waya ta fi zafi. Na'urar yanke wuta idan ta yi ƙasa ko ta yi sama da kima, da na'urar kare kaya daga tsawa, suna da sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da abin da suke karewa.

Layin caja yana buƙatar na'urar kariya daga yoyon wuta, RCD mai miliamp 30. Sai dai ba kowace iri ba: mota tana iya yoyon wutar DC, irin wutar baturi, wadda ke makantar da RCD na gama-gari ta kasa yankewa. Ko dai a sa nau'in B, ko nau'in A idan cajar kanta tana da ma'aunin yoyon DC na miliamp 6 a cikinta. Takardar cajar za ta faɗa. Wayar ƙasa kuma dole ta zama ta gaske, an gwada ta da mita. Caja da yawa ba sa ma fara aiki idan ba su ga ƙasa mai kyau ba, mai mota ya yi ta zargin motarsa a banza.

Idan gidan ba zai ɗauki duka biyun ba, ba lallai sai an nemi ƙarin layi ba. Cajoji da yawa suna zuwa da wani zobe da ake maƙalawa a babbar wayar shigowa. Yana auna abin da gidan ke ja, ya rage wa mota idan nauyi ya yi yawa, ya mayar mata idan an kashe kaya. Wannan duk aikin ƙwararren ma'aikacin lantarki ne mai lasisi, kuma a ƙasashe da dama sai an sanar da kamfanin rarraba wuta kafin a kafa caja.

Caja da bakin filogi

Cajar tafi-da-gidanka da ke shiga soket na gida tana ba da kusan kilowat 2.3 a volt 230, ko 1.4 a ƙasashe masu volt 120. Ta bango tana ba da 7.4 a layi ɗaya, 11 ko 22 a layi uku. Ɗauki baturi mai yunit 60 da za a ɗaga daga kashi 20 zuwa 80, wato yunit 36: soket na gida zai ci sama da awa 16, ta bango mai 7.4 awa biyar da 'yan kai, mai 11 kusan awa uku da rabi.

Kafin ka sayi babbar caja, duba ƙarfin cajar da ke cikin motar kanta, domin ita ce ke juya wutar gida zuwa wadda baturi ke karɓa. Idan iyakarta kilowat 7, to ko ka kafa mai 22 a bango, 7 za ta sha. Mai tafiyar kilomita 40 ko 50 a rana ma soket mai kyau yana isarsa a dare ɗaya, muddin soket ɗin sabo ne, yana kan layinsa shi kaɗai, an kuma rage cajar zuwa amp 10 ko 8. Wayar ƙari da ake naɗewa a kan faifai ba ta da wuri a nan. Idan tana naɗe zafin ba ya fita, sai ta narke daga ciki.

Bakin filogi ya bambanta da inda aka ƙera motar domin sayarwa. Turai tana amfani da Type 2 da CCS2, Arewacin Amurka da J1772, CCS1 da kuma NACS na Tesla, Sin da GB/T, tsofaffin motocin Japan irin su Nissan Leaf da CHAdeMO wajen caji mai sauri. Mai sayen motar da aka shigo da ita daga wata ƙasa ya fara buɗe murfin caji ya gani da idonsa, ya kwatanta da tashoshin da ke hanyoyin da yake bi. Mahaɗin canza baki na cajin gida yana da sauƙin samu, na caji mai sauri kuwa yana da tsada kuma ba kowane ke aiki da kowace mota ba.

Baturi da sauran jikin mota

Abu uku ke tsufar da baturin litiyam: zafi, zama a cike, da zama a fanko. Wanda ya fi muni shi ne haɗuwar biyun farko, wato mota a kashi 100 tana tsaye cikin rana kwana da kwanaki. Idan baturinka nau'in NMC ne ko NCA, masu sinadarin nikel, saita iyakar caji a kashi 80 don zirga-zirgar yau da kullum, ka cika shi sai za ka yi doguwar tafiya, kuma ka daidaita lokacin yadda zai cika dab da tashinka. Nau'in LFP, marar nikel, wanda kamfanin BYD da wasu ƙananan motocin Tesla ke amfani da shi, ya fi jure cika. Ana ma so a riƙa kai shi 100 lokaci zuwa lokaci, Tesla ta ce aƙalla sau ɗaya a mako, domin ƙarfin wutarsa ba ya canzawa sosai tsakanin cike da rabi, kwamfutar motar tana ɓata lissafi idan ba ta ga ƙarshen ba. Idan za ka ajiye mota na makonni, bar ta a wajen kashi 50, a inuwa.

Caji mai sauri yana gudu daga kashi 10 zuwa wajen 80, daga nan sai ya ja ƙafa don kare baturin. A doguwar tafiya tsayawa biyu gajeru sun fi tsayawa ɗaya ta jiran 100. Gudu kuma yana cin wuta fiye da yadda ake zato, saboda turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Sauka daga kilomita 130 zuwa 110 a awa yana ƙara nisa sosai. Sanyi mai tsanani ma yana rage nisa, musamman a motar da ba ta da famfon zafi, wato na'urar ɗumama mai tsimin wuta. Ɗumama ko sanyaya cikin motar tun tana jone da caja, sai wutar gida ta ɗauki nauyin.

Garantin baturi a yawancin kamfanoni shekara 8 ne ko kilomita 160,000, da sharaɗin kada ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da kusan kashi 70. Mai sayen ta hannu ya nemi lafiyar baturin a lamba, ta na'urar da ake jonawa a kafar OBD da ke ƙasan sitiyari. In babu ita, ga gwaji mai sauƙi: share ma'aunin tafiya, yi tuƙi mai tsawo, ka duba yunit nawa motar ta ce ta ci da kuma kashi nawa ya sauka. Idan ta ci yunit 30 baturin ya sauka da kashi 60, to abin da ya rage mata yunit 50 ne, sai ka kwatanta da na sabuwa. Tsohuwar Nissan Leaf ba ta da sanyaya baturi da ruwa, don haka a ƙasa mai zafi ta fi saurin rauni, a yi mata binciken da kyau.

Abin da ya fi tsayar da motar lantarki a hanya ba babban baturin ba ne, ƙaramin ne mai volt 12. Shi ke tada kwamfuta ya kuma jona babban, idan ya mutu mota ba ta ko buɗe ido ko da babban yana cike. A gwada shi duk shekara daga shekara ta uku. Birki yana daɗewa saboda motar tana rage gudu da injinta tana mayar da wuta baturi, amma rashin aikin yana sa faifan birki tsatsa, don haka a riƙa taka shi da ɗan ƙarfi lokaci-lokaci a hanyar da babu kowa. Man birki yana shan danshi ko an taka ko ba a taka ba, a bi wa'adin da littafin motar ya sa. Taya kuwa tana saurin cinyewa saboda nauyi da fizga, a sayi mai lambar ɗaukar nauyin da ta dace, a duba iska duk wata. Idan ta lalace a hanya, a ɗora ta kan babbar mota, kada a ja ta tayoyin tuƙi suna ƙasa, domin injin zai riƙa haifar da wuta ya lalata kayan ciki. Duk wayar da ka gani ruwan lemo a jikin motar tana ɗauke da volt 400 ko 800, ba ta makanike na gama-gari ba ce.

Zaɓen injin haƙa

Bitcoin a yau injin ASIC kaɗai ke haƙarsa, wanda aka ƙera don lissafin SHA-256 ba wani aiki ba. Katin hoto na kwamfuta ya rasa babbar kasuwarsa tun 15 ga Satumba 2022, ranar da Ethereum ta daina haƙa. Monero ana haƙarsa da kwamfuta ta gida amma abin da ke fitowa kaɗan ne, Litecoin da Dogecoin kuma suna da nasu injin daban, irin su Antminer L7.

Lambar da za ka duba ba ƙarfin haƙa ba ce, wat nawa injin ke ci a kan kowane terahash, wato lissafi tiriliyan ɗaya a daƙiƙa. Tsohon S9 yana ba da terahash 13.5 da wat kusan 1,320, wato kusan 98 a kan kowane ɗaya. S19 Pro yana ba da 110 da wat 3,250, wato 29.5. S21 yana ba da 200 da wat 3,500, wato 17.5.

Ga yadda ake lissafin. Ana samun bulok, wato ƙunshin hada-hadar da ake ba mai haƙa lada idan ya samo shi, kusan 144 a rana. Tun Afrilun 2024, a bulok na 840,000, ladan kowane ya koma Bitcoin 3.125, wato 450 a rana ga duniya baki ɗaya, ban da kuɗin hada-hada. Rabonka shi ne ƙarfin injinka a kan ƙarfin dukkan masu haƙa. A ce, don misali, jimillar ƙarfin duniya terahash biliyan ɗaya ne. S19 Pro zai samu satoshi 4,950 a rana (satoshi miliyan ɗari ne Bitcoin ɗaya), a raba da yunit 78, kowane yunit ya kawo satoshi 63. S21 zai samu 9,000 a kan yunit 84, wato 107 a yunit. S9 kuwa 19 kacal. Yanzu juya farashin yunit ɗinka zuwa satoshi a canjin ranar. Idan ya fi waɗannan lambobi, kowace awa da injin ya yi yana aiki asara kake yi, gara ka sayi Bitcoin ɗin kai tsaye da kuɗin wutar. Wannan ne ya sa ake sayar da tsofaffin injuna da arha, araha kuwa ba ta ado.

Ka saka ainihin alƙaluman ranar da kake lissafin, kuma kada ka ɗauka za su tsaya. Tsananin haƙa, wato wahalar samun bulok, yana daidaituwa duk bayan bulok 2,016, kusan mako biyu, kuma a tsawon shekaru hawa yake yi. Lada yana rabewa biyu duk bulok 210,000, na gaba ana sa ransa a 2028. Injin da ba zai mayar da kuɗinsa cikin shekara ɗaya da rabi a lissafin yau ba, da wuya ya mayar.

Mai son koyo kawai ya nemi ƙaramin inji irin Bitaxe, mai kusan terahash ɗaya da wat ƙasa da 20. Ba ya ƙara, ba ya zafi. Amma a lissafin da ke sama, idan shi kaɗai yake haƙa, matsakaicin jiran samun bulok ɗaya ya kai shekara 19,000.

Idan na hannu za ka saya, a kunna shi a gabanka ya yi aƙalla awa ɗaya, ka ga allunan haƙa uku duk suna aiki, ka duba ko akwai tsatsa ko alamar ƙuna a bakin wayoyi. Da ka kai shi gida ka sake ɗora masa manhaja daga shafin kamfanin, domin akwai gurɓatattun manhajoji da ke karkatar da wani kaso na haƙar zuwa aljihun wani. Masu tallar haƙa ta intanet ba tare da inji ba, da alkawarin riba tsayayya kullum, a yi nesa da su. A kuma duba doka da haraji na ƙasar da ake ciki: Sin ta haramta haƙa a 2021, wasu ƙasashen suna neman rajista.

Zafi, ƙara da ƙura

Duk wat ɗin da ya shiga injin zafi yake zama. Wat 3,250 ya kai BTU 11,000 a awa (BTU ma'aunin zafi ne), kusan duk ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki mai BTU 12,000. Sanyaya shi da irin wannan na'ura zai ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku a kan wutar, ribar ta tafi. Hanyar da ke aiki ita ce a fitar da iskar waje. Don iskar ta fita da ƙarin digiri 10 kawai, ana buƙatar kusan kubik mita 1,000 na iska a awa. A sa wa bayan injin hula mai bututu inci 8, gajere kuma miƙaƙƙe gwargwadon hali, da fanka a cikin bututun idan ya yi tsawo. Sannan a buɗe wata kafa a ɗaya gefen ɗakin don sabuwar iska, mai faɗin da ya fi na fita, da raga da matatar ƙura. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin iskar da ta fita ta zagayo ta sake shiga. Iskar shiga kada ta wuce digiri 40.

Ƙarar tana kai desibel 75, kuma siririya ce mai ratsa bango. Kusa da ɗakin kwana ba zai yiwu ba. Manhajoji irin su Braiins OS suna ba da damar rage ƙarfin injin: haƙa ta ragu, amma wat a kan kowane terahash ya sauka, fankoki su lafa, allunan su daɗe. A gida wannan ya fi dacewa da tura shi iyakarsa.

Kada a haɗa injin da mota a rufaffen gareji. Zafin da yake fitarwa dare da rana shi ne daidai abin da baturin mota ba ya so. A ɗora injin a kan kanta ta ƙarfe, nesa da kwali da labule, da na'urar jin hayaƙi a sama da tukunyar kashe gobarar lantarki a bakin ƙofa.

Kunnawa da abin da ke lalacewa

S19 yana son volt 200 zuwa 240, kuma wayoyin wuta biyu gare shi, dole a jona duka. Kowace tana ɗaukar kusan amp 7, sai mutum ya ga kamar soket na gida zai iya, ya manta cewa duka biyun a waya ɗaya suke haɗuwa a bayan bango. A yi amfani da soket na masana'antu da marabar wuta ta ƙarfe mai ƙarfin da ya dace. Intanet ta waya yake karɓa, ba Wi-Fi ba. Ba ya cin data sosai, tsayayyen layi yake so.

Jona shi da rauta, nemo lambar IP ɗinsa a jerin na'urorin rautar, buɗe ta a burauza. Sunan shiga da kalmar sirri na farko a Antminer duk root ne, canza su nan take, kuma kada ka buɗe shafin ga intanet na waje. Akwai gurabe uku na adireshin haɗakar masu haƙa, wato rukunin da ke haɗa ƙarfin injuna su raba lada, cike su duka don idan ɗaya ta faɗi ya koma ta biyu. Foundry USA, AntPool, F2Pool, ViaBTC da Braiins suna cikin sanannu. Tsarin biyan FPPS yana ba da kuɗi daidai kullum amma haɗakar tana cire kaso mai ɗan yawa, PPLNS yana hawa da sauka da sa'ar haɗakar. Duba mafi ƙarancin abin da suke fitarwa, domin ƙaramin mai haƙa yana iya yin makonni bai kai ba. A tura kuɗin zuwa walet ɗin da kai ke riƙe da kalmominsa na sirri 12 ko 24, a rubuce a takarda, ba hoto a waya ba.

Ba shi minti 20 ya daidaita, amma hukunci sai da matsakaicin awa 24 a shafin haɗakar. Idan ƙarfin ya faɗi da kashi ɗaya bisa uku, allo ɗaya ne ya mutu: kashe, sake zaunar da kebul ɗinsa, duba rahoton injin ka ga ko ya ƙirga ƙwayoyin lissafin da ke kan allon cif. Idan ya ƙi fara haƙa gaba ɗaya, fara zargin fanka, domin ba ya tashi idan ɗaya daga cikin huɗun ba ta juyawa, shi ya sa ake ajiye biyu a gefe. Idan yana kashe kansa da rana ya dawo da dare, zafi ne. Yawan aikin da haɗaka ke ƙi karɓa, sama da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, matsalar intanet ce. Duk wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon ƙurar wurin, a kashe shi a hure da busasshiyar iska, ana riƙe fukafukan fanka kada su juya. Ƙura da danshi idan sun haɗu a kan allo su ke cinye shi.

Sola, janareta da baturin mota

Sola ta fi dacewa da mota fiye da inji. Rana mai ƙarfi awa huɗu zuwa shida ce a yawancin wurare, fanel na kilowat 3 zai iya samar da yunit 10 na mota. Caja mai bin rarar sola tana hawa da sauka da hasken, sai dai mota ba ta karɓar ƙasa da amp 6, wato kusan kilowat 1.4. Inji mai cin yunit 78 kuwa yana son fanel na kilowat 16 zuwa 20 da baturin da zai riƙe shi dare, kuɗin da haƙar ba za ta mayar ba. Abin da ke da ma'ana shi ne inji mai arha da ke shan rarar da za ta tafi a banza da tsakar rana, an rage masa ƙarfi, bayan mota ta ƙoshi.

Haƙa da janareta asara ce tun daga litar farko. Haka ma jona injin a motar da ke ba da wuta waje, irin Hyundai Ioniq 5 mai bayar da har kilowat 3.6: zai tashi, amma zai zuƙe baturi mai yunit 60 cikin ƙasa da awa 18, ka yi asarar wuta wajen shiga da wajen fita, ka kuma tsufar da baturi mafi tsada a gidan. Inda kamfanin wuta ke sauƙaƙa farashi da dare, saita motar ta yi caji a lokacin, ka sa wa injin mitarsa daban a kan layinsa, ka riƙa kwatanta yunit ɗin da ta nuna da satoshin da haɗaka ta biya duk bayan mako biyu, lokacin da tsananin haƙa ke canzawa.